Wa Ya Musanya Batirin Jirgin Fito?

Da hantsi jirgin fito ya bar gaɓa ɗauke da mutum talatin da huɗu da babura biyu. Yana kai tsakiyar kogi kainuwa ta naɗe farfela, inji ya mutu. Babu wanda ya damu, domin kusan kullum sai an yi haka. Matuƙi ya sunkuya ya cire ciyawar, ya goge hannu a wando, ya murɗa makulli. Inji ya ce ƙas. Ya sake murɗawa, ya ji shiru.

Nan da nan ruwa ya juya kan jirgin ya nufi duwatsun da ke ƙasa da tasha da shi. Mata suka fara salati suna rungume yara. Allah ya sa akwai masunta uku a kusa, su suka jefa igiya suka ja jirgin da ƙarfin tsiya, har tafin hannun ɗayansu ya tsage. Da aka iso gaɓa, Mai Ƙanƙara, wanda ke kawo wa masunta ƙanƙara a motarsa kowace safiya, shi ya yi ta raba ruwan sanyi ga waɗanda suka firgita.

Matuƙi ya buɗe akwatin batir a gaban kowa. Batirin baƙi ne, girmansa daidai, ga takardar kamfani manne a gefe. Amma da ya sa farce sai takardar ta ɗago cikin sauƙi, a ƙarƙashinta kuma sai tsohuwar roba mai ƙuraje.

"Wannan ba namu ba ne," in ji shi. "Namu ko wata uku bai yi ba."

Kowa a tashar ya san wanda ya taɓa batirin nan na ƙarshe. Kwana uku da suka wuce Mai Batir ya ɗauke shi a baro ya kai shagonsa don ya duba ruwa ya yi masa caji, ya kuma dawo da shi da hannunsa. Kafin a ce me, mutane sun cika ƙofar shagon.

*

Baba Mai Sawu na zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga sai ga autarsa ta faɗo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ita ce matar Mai Batir. Shekara arba'in tsohon ya yi yana bin sawun dabbobin da aka sace da na mutanen da suka sace su, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji.

"Baba, za su kashe shi! Sun ce shi ya sace batirin jirgi!"

"Zauna ki sha ruwa, Auta."

"Ba zan sha ba."

Ta ba shi labari a tsaye. Tsohon ya saurara har ƙarshe, yana ci gaba da ƙulla igiyarsa. Shi dai bai taɓa sakin jiki da surukin nan nasa ba, mutumin da kowace riga tasa huji ne, wanda in ka tambaye shi ya gida sai ya ɗauko maka zancen waya da caji.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah," ya ce, "ya taɓa shigo da wani abu gida da ba ki san daga ina ya fito ba?"

"Baba, mutumin da in mai mota ya manta sifana a shagonsa sai ya bi shi da ita har gida?"

Ya ajiye igiyar, ya miƙa hannu. "Ba ni sandata."

*

Shugaban masu jiragen ruwa ne ya hana a taɓa Mai Batir, amma ya yanke magana: kafin faɗuwar rana a rufe shagon, a miƙa shi ga hukuma. Da ya hango Baba Mai Sawu tafe, sai ya haɗe rai.

"Baba, da girmanka. Kowa ya san surukinka ne."

"Na sani, Shugaba, ni na ba shi 'yar. In sawu ya kai ni ƙofarsa, ni zan riƙe maka hannunsa. Ka ba ni zuwa la'asar. Abu ɗaya nake roƙo, kowa ya ja baya daga bakin ruwa, kun tattake mini rabin aikina."

Mai Ƙanƙara ya matso kusa da Shugaba ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, tunda ba a rasa rai ba, da an bar maganar hukuma. A sallame shi kawai ya nemi wani wurin. Yana da iyali."

Wasu suka ce wannan mutumin kirki ne. Baba Mai Sawu kuwa ya riga ya sunkuya yana duba ƙasa.

Daga gadar katakon da jirgi ke tsayawa zuwa kan hanya akwai laka mai laushi, wadda ke riƙe sawu kwana huɗu in ba a yi ruwa ba. Ga layin tayar baro sau biyu, ɗaya ya nufi shagon Mai Batir, ɗaya ya dawo, dukansu sun nutse daidai da juna. Matasa suka yi caa: ga shi nan, sawu ya nuna! Tsohon ya bi layin da kan sandarsa har ƙarshe. Gefen ramin tayar ya bushe ya fara zubewa, sawun kwana uku ne. Bayan shi baro bai sake bi ba.

Sannan ya shiga neman abin da ya fi damunsa. Batirin jirgi ya kai nauyin rabin buhu. Duk wanda ya rungume shi ya yi tafiya, dugadugansa za su nutse, takunsa zai gajarce. Ya zagaya lakar sau uku, bai ga irin wannan taku ba ko ɗaya. Abin da ya gani shi ne sawun tayoyin mota, sun zo da baya har bakin katako.

"Motoci nawa ke saukowa nan?" ya tambayi Matuƙi.

"Uku. Motar kifi, motar ƙanƙara, sai ta Shugaba."

*

Shagon Mai Batir ɗaki ɗaya ne mai warin ruwan batir, an jera batura a ƙasa kan katako, wayoyi ja da baƙi na rataye a bango. Baba Mai Sawu ya sa aka kawo mataccen batirin aka ɗora a kan teburi. Surukin nasa na tsaye a kusurwa, idonsa ya yi ja.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Bar gaisuwa. Wani abu ya ɗaure mini kai. In batirin nan matacce ne, ta yaya ya tayar da jirgi da safe?"

Mai Batir ya ɗauko mitarsa ya ɗora a kawunan batirin biyu, allura ta tashi kamar lafiya lau. Sannan ya haɗa masa wata fitilar mota, allura ta faɗi ƙasa warwas. Ya kwance murafai shida, ya tsoma wani bututun gilashi mai robar tsotso a kowane rami. A biyar ruwan ya fito garau, a na shida ya fito baƙi kamar ruwan kwata.

"Ka gani, Baba? Ɗaki shida ne a ciki, ɗaya ya mutu. Irin wannan in ya fito daga caji da ɗuminsa zai yi maka tashi ɗaya ko biyu, ya yaudare ka. Jiya jirgi bai yi aiki ba, ana yi masa gyaran ƙasa. Yau mataccen nan ya ba da abin da ya rage masa a gaɓa, a tsakiyar ruwa ba shi da na biyu. Na jirgi da na duba, wallahi ɗakunansa shida garau suke."

Tsohon ya matso kusa da teburin. Ya sa babban yatsa yana shafa kan batirin, wannan ɗan tudun dalma da waya ke kamawa. Idonsa ya rage ƙarfi, amma yatsansa bai rage ba. A gefen kai ɗaya ya ji rami dogo daga sama zuwa ƙasa, cikinsa a murɗe kamar igiya.

"Wannan fa?"

Mai Batir ya leƙa, ya yi tsaki. "Aikin direbobi ne. In maƙalin waya ya buɗe ya daina kama kan batir, maimakon su saya sabo sai su buga ƙusa a tsakani. Dalma taushi gare ta, ƙusar sai ta yi wa kanta gida. Kullum ina yi musu faɗa."

"A jirgi akwai ƙusa?"

"Haba Baba! Ni na sa maƙalan jirgi, da sifana nake ɗaure su, in shafa giris."

"To rufe bakinka," in ji tsohon. "Ko matarka kada ka gaya wa."

*

Maigadin tasha ne na biyu da mutane ke nunawa da baki, saboda an ga huji uku a kafaɗar rigarsa, kuma kowa ya san ruwan batir ne ke cin tufa haka. Baba Mai Sawu ya same shi a rumfarsa yana zufa tun kafin a tambaye shi.

"Yaya, wallahi ni da kai tare muka taso…"

"Shi ya sa na san ƙaryarka tun kafin ta fito. Hujin nan na mene ne?"

Maigadi ya janye tabarma ya nuna wani ɗan ƙaramin batirin babur da yake kunna rediyo da fitila da shi. Duk mako yana saɓa shi a kafaɗa ya kai caji. Tsohon ya duba hujin, bakinsu ya sha wanki har ya yi gashi.

"Wannan tsohon huji ne. Yanzu faɗa mini abin da kake ɓoyewa."

Maigadi ya sunkuyar da kai. Jiya da sassafe, in ji shi, ya bar tasha ya tafi neman maganin haƙori, bai dawo ba sai da rana ta fito. Tsoron Shugaba ne ya hana shi faɗa.

"Da ka dawo wa ka tarar?"

"Ba kowa. Masunta sun riga sun fita da ƙanƙararsu, motoci ba ko ɗaya."

*

Mata masu ƙyafe kifi suka tare Baba Mai Sawu a hanya, kowace na son ta riga faɗa. Mako biyu ke nan, in ji su, sai an tura motar kifi take tashi, har su ake roƙo su sa hannu. Amma tun shekaranjiya taɓa ɗaya take tashi. Ina Direba ya samu batir?

Direban motar kifi gajere ne mai saurin fushi. Yana jin tambayar ya ɗaga murfin inji da ƙarfi har ya kusa ɓalle shi.

"Ga shi nan, Baba, duba! Batirina ne na bara, ga fentin da na ɗiga masa. Ni ma na ɗauka ya mutu, na je wurin surukinka in sayi sabo. Ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, wani farin gari ne ya cinye kan, wuta ba ta wucewa. Ya wanke da ruwan zafi da soda, ya kankare, ya canza maƙali, ya ce in tafi. Wanda ya ƙi sayar mini da sabo ina roƙonsa, shi za a ce ya saci na jirgi?"

Tsohon ya shafa kawunan batirin. Sumul suke.

Daga nan ya hau gangaren da ke sauka zuwa tasha, yana hutawa bayan kowane taku goma. A can sama, gefen hanya, ya tsaya. Ƙasa ta yi baƙi da ɗigon man inji a wuri ɗaya, ɗigo a kan ɗigo na kwanaki masu yawa. Wata mota ta daɗe tana tsayawa a nan, kanta na kallon ƙasa, ga dutsen da ake sa wa taya. Mai mota ba ya barin fili ya zaɓi kan gangare sai in yana son motarsa ta gangara ta tashi da kanta, ba tare da ya roƙi kowa turi ba. Ɗigon da ya fi sabunta ya kwana biyu. Taku huɗu a baya, daidai inda bayan motar zai kasance, ciyawa ta yi kore shar a wuri kamar faɗin tabarma, alhali duk ta kewaye ta bushe.

Baba Mai Sawu ya daɗe yana kallon ciyawar nan. Sannan ya juya ya fara sauka, ya ma manta da ciwon gwiwa.

*

Da la'asar motoci uku suka jeru a bakin gadar katako, mataccen batirin yana kan benci a tsakiya. Tasha ta cika har kan kwale-kwale. Mai Batir na tsaye gefe, Auta na bayansa.

"Har da tawa, Baba?" in ji Shugaba.

"Da taka za a fara, don kada a ce na ji tsoronka."

Aka yi dariya kaɗan. Shugaba ya buɗe, batirinsa ɗan ƙarami ne, ko rabin na jirgi bai kai ba. Direban kifi ya buɗe tasa yana harara. Aka zo kan motar ƙanƙara.

"Murfin nawa yana da gardama," in ji Mai Ƙanƙara, yana murmushi. "Kuma kaya na narkewa, Baba, da an bar ni na kai…"

"Ai narkewar ce ta kawo ni," in ji tsohon. "Makonni kana tsayawa a kan gangare, ruwan ƙanƙararka na ɗiga yana shayar da ciyawa. Masunta, ina kuke karɓar ƙanƙara kwanakin baya?"

"Can sama!" in ji wanda hannunsa ya tsage. "Mu yi ta hawa da kwanduna. Ya ce birkinsa ne ba ya son gangare. Jiya ne ya sauko mana da ita har nan."

"Birki ya warke ke nan. Buɗe."

Matuƙi ne ya ɗaga murfin. Batirin ciki baƙi ne, an shafe shi da ƙura da baƙin mai har ya yi kama da tsoho.

"Nawa ne," in ji Mai Ƙanƙara. "Baƙin batir ai ya cika duniya. Wa zai ce ga nasa?"

Mutane suka fara gunaguni, domin maganar tana da kama da gaskiya. Baba Mai Sawu ya miƙa wa surukinsa hannu, aka sa masa filaya. Ya sunkuya cikin injin, ya kama wani abu a jikin maƙalin waya, ya ja. Ya ɗago da ƙusar rufin kwano, mai murɗaɗɗen jiki, ta ɗan lanƙwashe a tsakiya. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Shugaba, zo da kanka. Shafa kan mataccen batirin nan. Me ka ji?"

"Rami."

"Ungo, kwantar da ita a ciki."

Shugaba ya ɗora ƙusar a ramin. Ta shige ta zauna daram, murɗi ya hau murɗi, lanƙwasa ta hau lanƙwasa. Ya saki hannu, ƙusar ba ta faɗi ba.

"Wata da watanni ta yi tana kwana a nan," in ji tsohon. "Batirin da ya kusa hallaka mutum talatin da huɗu daga cikin motar nan ya fito. Mai Batir, ciro wancan ka goge shi."

Da tsumma ɗaya aka share man, sai ga sabuwar roba tana ƙyalli, ga murabba'in gam inda aka ɓare takarda. Matuƙi ya kife shi, gindin duk shuɗin fentin akwatin jirgi ne.

Wurin ya fashe da hayaniya. Mai Ƙanƙara ya zauna a ƙasa daɓas, ya dafe kai.

"Sau biyu mota ta mutu mini a hanya kaya suka narke," ya ce. "Na zo na ga ba maigadi, jirgi kuma ba ya aiki ranar. Na ce in ara na kwana biyu. Na ɗauka injin jirgi zai riƙa yi wa nawa caji, ba wanda zai sani. Wallahi ban yi nufin…"

"Aro?" in ji Auta, ta fito daga bayan mijinta. "Da safe kana ba mutane ruwan sanyi, kana cewa a kori mijina don yana da iyali! Tausayinmu ne ya kama ka?"

Da ƙyar Shugaba ya tsayar da matasa. Ya sa mutum biyu suka riƙe Mai Ƙanƙara har hukuma ta iso. Sannan ya cire hularsa, ya taka har gaban Mai Batir.

"A gaban jama'a na zarge ka, a gabansu nake ba ka haƙuri. Ka yafe mana."

Mai Batir ya gyaɗa masa kai. Sai ya sunkuya ya rungumi batirin jirgi, ya nufi gadar katako da shi, mutane na buɗa masa hanya.

*

Mai Batir bai yi gaggawa ba, ko da yake tasha gaba ɗaya na kallonsa. Ya kankare inda ƙusa ta fara cin dalma, ya duba ruwan ɗakuna shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure jar waya sannan baƙa, ya shafa giris. Fasinjojin safe, waɗanda suka rantse ba za su ƙara taka jirgin ba, suka fara shigowa ɗaya-ɗaya da kayansu.

Matuƙi ya zare makulli daga wuyansa ya miƙa masa. "Kai za ka tayar."

Mai Batir ya murɗa. Inji ya kama tun kafin ya saki hannu, ƙararsa ta cika kogi. Mata suka rangaɗa guɗa, masunta na buga filafili a jikin kwale-kwale, Direban kifi ya danne hon ya ƙi saki. Mai Batir ya kashe injin da gangan, ya sake tayarwa, ya kashe, ya sake tayarwa, kowane tashi sai ihu ya fi na baya.

Baba Mai Sawu na tsaye a kan katako, ya jingina da sandarsa. Surukin ya fito daga jirgi ya durƙusa a gabansa, hannuwa duk giris.

"Baba, ban san da wane baki…"

"Tashi, kana ɓata mini ƙafar wando," in ji tsohon. Ya kama shi ya ɗaga, bai kuma saki hannun ba. Ya juya ga taron ya ɗaga murya yadda na kan gangare ma za su ji. "Ku dube shi da kyau. Wannan ɗana ne. Gobe da safe shago a buɗe yake, duk mai ƙusa a motarsa ya zo ya yi layi."